Ƙofar Bayan da Ba a Yi wa Fenti Ba

Kai da kake cewa kyautata wa mutane asara ce a wannan zamani, gyara zama in ba ka misali.

Wani manomi ne ya gaji tsohuwar jif daga mahaifinsa, irin mai ratsa yashi da taɓo ba ta ko tari. Shekara shida tana ajiye a gindin darbejiyar ƙofar gida, tayoyi sun sace, tsatsa ta ci gefenta, kaji sun mayar da kujerar baya wurin ƙwai. Da rani ya tsaya, sai ya ɗaura niyyar tayar da ita, don ya riƙa ɗauko takin zamani daga birni kafin damina ta yanke hanya. Ya kira makaniki ya buɗe inji, ya kira mai walda ya toshe ɓulolin ƙasa. Kankarar tsatsa kuwa da hannunsa ya yi ta, da sanfefa da guntun ƙarfe, har tafinsa ya yi kanta. Ya sayo jan fenti mai ƙyalli, domin a ransa yana jin kunyar a ce da shi ga ɗan mai akwala. Ranar da zai fara shafawa, mahaifiyarsa ta fito tana dogara sanda, ta ce, "Ka shafe ko'ina, amma ƙofar baya ka bar mini ita yadda ubanka ya bar ta. Ina son in leƙo in ga abin da idona ya sani." Ƙofar nan kuwa koriya ce da ta koɗe, ga lotsawa a tsakiya, ga mariƙi an ɗaure da waya. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma uwa uwa ce, ya ce to. Mota ta fito ja jawur, bayanta kore koɗaɗɗe. 'Yan majalisa suka samu abin yi, suna cewa ga amarya da tsohon zane. Shi kuwa ya ɓoye ragowar fenti a rumbu, yana jiran ranar da tsohuwa za ta manta.

Tafiyarsa ta farko ya lodo buhu ashirin na taki, rabi nasa, rabi na maƙwabta da suka ba shi amana. A hanyar dawowa ya iso wani rafi da ake ƙetarewa a kan yashi. An yi ruwa a can sama, shi bai sani ba. Yana kaiwa tsakiya tayoyi suka nutse, ya taka mai, suka ƙara nutsewa. Ruwa ya fara tasowa, daga ƙwauri ya doshi gwiwa, kuma ka san taki da ruwa, da sun haɗu sai buhu. Hankalinsa ya tashi, ya yi ta kiran mutanen da ke noma a gaɓa. Suka ɗago suka ga jar mota mai ƙyalli, suka mayar da kai ga fartanyarsu, don sun gaji da fitar da baƙi waɗanda in sun haye sai su watsa musu taɓo ko sannu babu. Akwai wani ƙaƙƙarfan magidanci da shanun huɗa biyu, ya ce shanunsa sun gaji. Ana haka sai ga wata tsohuwa ta biyo hanya ta bayan motar da ƙwaryar fura a kai. Ta tsaya cik, ta ƙura wa koriyar ƙofar ido, ta sauke ƙwarya a ƙasa. Ta ɗaga murya ta kira mai shanun, ta ce, "Kai, zo nan! Ta wannan ƙofa aka shigar da ni ina naƙudarka, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wannan lotsawar tsamiyar gidanmu ce mai motar ya doka da baya garin sauri. Ko ruwan sha bai tsaya ya karɓa ba." Ta juyo ga manomin ta ce, "Kai ɗansa ne? Allah ya jiƙan ubanka."

Kafin ka ce kwabo, fartanyoyi sun zube. Ashe kusan kowane gida a ƙauyen nan akwai wanda aka taɓa shigarwa ta ƙofar nan, wani maciji ya sara, wani ƙaho ya soke, wani gawar uwarsa aka kawo masa gida. Aka yi layi a cikin ruwa ana miƙa buhu hannu da hannu har gaɓa, mai shanu ya ɗaura igiya, shanun da aka ce sun gaji suka fizgo mota waje. Ko buhu ɗaya bai jiƙe ba. Manomin ya sa hannu a aljihu, tsohuwa ta harare shi, ya fitar da hannun ba komai. Ta dama masa fura ya sha, hawaye na zuba a cikin ludayi, don shi bai taɓa sanin haka mahaifinsa yake ba. Da ya isa gida bai sauke kaya ba sai da ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, "Inna, na gode." Washegari ya ciro ragowar fentin nan daga rumbu ya shafe ƙyauren zaure da shi.

To ka ji. Uban nan ya yi shekaru a ƙasa, amma shi ya fitar da ɗansa daga ruwa. Shi ya sa magabata suka ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.