Jadawalin Ni'imatu

Sau biyu Ni'imatu tana faɗuwa jarrabawar gwaji a ajin farko na likitanci. Tun da aka karya darajar sefa littattafai suka gagari talaka, ga yajin aiki ya cinye rabin shekara. Karatu ya sha mata kai.

Souleymane ne ya cece ta. Ya ce a sashen nazarin zamantakewa yake, amma kullum yana gindin mangwaro a harabar jami'a, yana koya wa 'ya'yan baƙi dabarun karatu kyauta.

"Yaya, wai kai ba ka da lacca ne?" ta tsokane shi.

"Namu sashen hutu ne, ƙanwata. Ku likitoci ne jakunan jami'a."

Dabararsa ɗaya ce. Kowace Juma'a ka kawo masa makonka a rubuce, awa bayan awa, inda ka je da abin da ka yi, ban da ɓoye ko minti. Shi kuma ya zagaye wurin da lokaci ke zurarewa da jan biro. Ni'imatu ta bi sau da ƙafa, makinta ya tashi. Har dambun nama take kai masa.

Sai aka shiga farautar baƙi marasa katin zama. Na mahaifinta, Alhaji Ahmadou, ya ƙare, sabuntawa ta gagara. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana sayar da atamfa a kasuwar Mont-Bouët, sai ga shi a maƙale bayan dilolin kaya cikin wani sito a unguwar Nkembo. Daga ita sai mahaifiyarta suka san wurin, kuma bakinta bai taɓa furta wa kowa ba.

Ranar Laraba da azahar ta iso da kwanon abinci, ta tarar da motar jami'an tsaro a ƙofar siton. An fito da Baba ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Tashar jirgin ruwa za a kai shi, a mayar da shi ƙasarsa.

Zuciyarta ta tafasa. Ta zargi maigadin siton, ta zargi maƙwabta. Ta ƙudurta da motar ta tashi za ta ruga gindin mangwaro, don Yaya ya san mutane.

Ta durƙusa gaban babban jami'in tana kuka. "Ranka ya daɗe, wa ya yi mana wannan?"

Ko kallonta bai yi ba, wata takarda yake ninkewa. Kafin ta shige aljihu Ni'imatu ta gane rubutun hannunta: "Laraba, ƙarfe biyu, kai wa Baba abinci, siton Nkembo." An zagaye layin da jan biro.