Wanda Bai Tashi Ba

"Masu son a kashe su, ku taru a dama. Masu son a sassauta, ku koma hagu," in ji shugaban majalisar Rum.

Dattawa suka miƙe suna tattare mayafansu, don a zauren nan da ƙafa ake zaɓe. Wani bawa ne ya kashe ubangidansa, doka kuwa ta ce a kashe duk bayin gidan, har da na goye.

Mutum ɗaya ne bai motsa ba, wani malamin hikima da ya tsufa yana koyar da cewa farin ciki shi ne zuciyar da babu abin da ke girgiza ta.

Ɗalibinsa na dā, wanda yanzu shi ma ɗan majalisa ne, ya sunkuyo kusa da shi. "Malam, taso mu tafi. Akwai yara a gidan nan."

"Je ka abinka, ɗana. Fushi ya kwashi waɗannan, tausayi ya kwashi waɗancan. Ni ba na kowa ba ne."

"Malam, taku kaɗan ne fa."

Tsohon ya lumshe ido, hankalinsa kwance, hayaniyar ta wuce ba ta taɓa shi ba.

Aka ƙirga hagu, aka ƙirga dama, aka yi kunnen doki. Sai mai ƙirga ya hango mutum zaune a bayan na dama, inda ya saba zama kullum. Ya ƙarasa, ya rusuna cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, da kai suka yi rinjaye."