Ɗigon Jinin Auta

Ya ɗora katin a kan tebur, ya ɗauko ɗan ƙarfen huda takarda, ya ciro guntu daga tsakiyar busasshen jinin. Aikinsa na kullum ke nan. A can karkara masu bincike kan soki yatsan yaro mai zazzaɓin cizon sauro, su ɗiga jinin a takarda, ya bushe, su aiko masa. Shi kuma ya jiƙa, ya tace, ya ba na'ura, ta faɗi yawan maganin da ya shiga jikin yaron. Abokan aiki suna kiransa Likitan Takarda, wai bai taɓa warkar da mai rai ba.

Katin yau ba shi da lamba kamar sauran. Na Auta ne, 'yarsa.

Ranar da zazzaɓin ya kama ta, yana shirin bin ayarin bincike zuwa ƙauyuka. Ya miƙa wa matarsa magani a gurguje, har da kwali guda na ajiya, ya nuna mata yadda za ta ba ta safe da yamma, ya tafi hankali kwance. Da ya dawo, a gadon asibiti ya tarar da yarinyar, ba ta gane kowa. Ya rasa abin yi, sai hannunsa ya yi abin da ya saba: ya zaro kati daga jaka, ya ɗiga jininta. Kafin jinin ya gama bushewa ta cika.

Matar ta yi rantsuwa har muryarta ta dishe, ta ce ko sau ɗaya ba ta tsallake ba.

"Wallahi Baban Auta, ko kuka ba ta yi. Taunawa ma take yi, tana cewa in ƙara mata."

Wannan maganar ce ta tsaya masa a rai. Maganin da ke sa ƙato ya yamutsa fuska, shi Auta za ta tauna, yarinyar da sai mutum biyu sun danne ta kafin ta sha magani? In za a yi ƙarya, ai a yi wadda za ta shiga kunne. Ya san matarsa da tausayin banza: yaro ya yi ɗan kuka, ta ajiye cokali.

Tun daga nan gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Ya yanke shawara a ransa: in na'ura ta ga magani, zai durƙusa ya nemi gafararta. In ba ta gani ba, zama ya ƙare.

Ya fara da jinin gwaji wanda aka san akwai magani a cikinsa, layin da ke kan allo ya yi sama yadda ya kamata. Ya sa na Auta. Layin ya miƙe shafal, ko motsi. Ya sake huda katin, ya sake, ya sake, har ya zamana babu abin da ya rage masa na 'yarsa sai farar takarda mai ramuka.

Da tsakar rana ya iso gida, ya same ta tana wanke kayan makarantar yayyen Auta.

"Na auna. Ko ɗigon magani babu a jininta. Ki haɗa kayanki."

Hawayenta ma sun riga sun ƙare. Ta shiga ɗaki, ta fito da ƙunshin kayanta, ta damƙa masa kwalin ajiyar nan a hannu.

"Ga sauran kayanka. Wancan na ba ta duka, Allah yana gani."

Zuciya ta ɗebe shi. Har yanzu ba za ta daina ba?

"Tsaya. Ki dubi fuskata, sannan ki ce yaro zai tauna wannan."

Ya ɓalle ƙwaya ɗaya, ya jefa a baki, ya tauna a gabanta yana jiran ɗacin. Ƙwayar ta marmashe a harshensa kamar alli, da ɗan zaƙi-zaƙi irin wanda yara ke so.

Ya sunkuya yana kallon kwalin, wanda shi da kansa ya saya, tare da wanda Auta ta sha, a hannun mai talla a bakin titi, ranar da ya ga layin karɓar magani na asibiti zai sa motar ayari ta tafi ta bar shi.