Injin Ban-Ruwan Munir

Tumatirin Hasana yana tsaka da fure tsohon injin ban-ruwanta ya mutu, can fadamar Ɗansoshiya. Maƙwabcinta Abdullahi ya ce ta riƙa aron nasa da la'asar. Ɗanta Munir ya hana. Shi da digirinsa, uwarsa ba za ta yi aro ba. Ai tuni ya yi odar sabo daga ƙasar Sin, mai aiki da hasken rana.

Kullum da hantsi yana kan benci a ƙofar gida, yana karanta labarin jirgin ruwan da ya ɗauko injin da Turanci a waya, yana fassara wa duk wanda tsautsayi ya biyo da shi. In baƙuwar lamba ta katse masa karatu sai ya kashe da tsaki, wai 'yan damfara sun yi yawa.

Ran da waya ta ce jirgi ya iso Legas, Hasana ta ɗauki mayafi za ta gona.

Munir ya ce, "Zauna, Inna. Isowa daban, samun wurin tsayawa daban. A wurin Bature, kowanne da kalmarsa."

Ta zauna. Jirgi ya tsaya, ashe tsayawa ba sauke kaya ba ce. Aka sauke, ashe saura fita daga hannun kwastan. Kalma shida ya jera mata, duk a kunnenta "ya zo" suke nufi, kuma ba wadda ta jiƙa ko fangali ɗaya.

Fure ya zube. Ganye ya murɗe. Hasana ta koma ɗibar ruwa da bokiti, ita da ciwon gwiwarta, har gwiwar ta kwantar da ita.

Ran da awaki suka shiga gonar aka rasa mai damuwa ya kore su, ran nan waya ta kawo kalmar ƙarshe: kaya na tashar motar Dangora. Munir ya kafa hula ya hau babur.

Mudi direba, mai jigilar saƙon Legas, ya ja shi bayan rumfar mai shayi.

"Ga shi can, Malam Boko. Na kira lambar da ke jikin kwalin har yatsana ya gaji. Amma ɗauka a hankali, akwai masu gida."

A saman kwalin, kazar mai shayi ta yi ƙwai, ta kwanta a kai, har tana ƙyanƙyashe ƙwai na bakwai.