Wa Ya Kira Taron?

"Malama, kin gaza," in ji ministan, yana gutsurar burodin kirfa. "An ɗauke ki ki yi wa kwamfutocin gwamnati kutse, ki nuna mana inda ɓaraka take. Har ƙanƙarar hunturu ta narke a nan Stockholm ba ki shiga ko'ina ba. Yau kwangilarki ta ƙare."

Daraktoci suka gyaɗa kai, bakunansu cike.

Matar ta rufe kwamfutarta. "Na ji, ranka ya daɗe. Amma wa ya kira taron nan?"

"Minista mana," in ji babban sakatare. "Daga akwatin imel ɗinsa saƙon ya fito."

"Ni?" Ministan ya daina tauna. "Ai kai ka aiko mini!"

Kowa ya ciro wayarsa yana dubawa.

"Ni na kira taron korata, da sunayenku," ta ce. "Burodin ma, Minista, daga kwamfutar ofishinka na yi odarsa. Na ga a saƙonninka likita ya hana ka sukari, shi ya sa naka ba daɗi."

Ministan ya dubi guntun da ke hannunsa, ya ajiye a hankali.

"Zauna, Malama. A zuba mata kofi."