Rumbun Hotunan Goggo Asabe

"Ke kika cinye min hotunan jikokina, Kauthar. Kada ki musa."

Goggo Asabe ta taso takanas daga Jikwoyi, ta dangwarar da wayarta a gaban 'yar ƙaninta mai aikin haɗa manhaja. Falo cike da 'yan suna.

"Goggo, wayar ce ta cika, sai na yi miki rumbu a intanet. Duk hoton da kika ɗauka, nan take yake wucewa can, a ƙirga shi."

"Rumbun da ido ba ya gani? Ban yi boko ba, amma ban haukace ba. Buɗe kowa ya shaida."

"Mu shiga ɗaki dai, Goggo."

"A nan."

Kauthar ta jona wayar da talabijin. Jikoki, hoto goma sha ɗaya. Goggo kuwa, mai zagin 'yan mata kan ɗaukar kansu hoto, nata dubu biyu: an turo baki, an karkata ɗauri.

'Yan suna suka juyo suna kallon Goggo.

Goggo ta gyara mayafi. "Waɗannan da hannuna na goge su. Uban wa ya ce a ajiye? Kira min mai gadin rumbun nan, ya zo ya yi min bayani."