Kwamfutar Malama da Mai Gyaran Agogo

Gyara zama, Malam, ka saurara da kyau, domin ni ba na maimaita darasi, tun ina riƙe da alli haka nake.

An yi wata malamar makarantar sakandare a wani gari na karkara, mace mai himma, wadda aka ɗora wa alhakin shirya 'yan mata talatin da bakwai domin jarrabawar shiga jami'a. Jarrabawar kuwa yanzu da kwamfuta ake rubuta ta, alhali babu ɗaya daga cikin yaran da ta taɓa ɗora yatsa a kan madannai. Saura mako uku. Abin da makarantar ta mallaka duka-duka wata tsohuwar kwamfutar cinya ce mai nauyin tubali, wadda in an kunna ta, sai mutum ya yi alwala ya idar da salla kafin ta buɗe ido. Malamar ta yi bincike, ta gano cewa akwai wata manhaja da ake kira Linux, wadda masana daga ƙasashe dabam-dabam suka haɗu suka gina, suka bar ta kyauta, kuma suka bar cikinta a buɗe ga duk mai son ya duba ko ya gyara. Akwai nau'inta mara nauyi, wanda aka yi musamman domin na'urorin da shekaru suka cim musu. Ta sauko da shi a filas, wato ɗan abin adana bayanai da ake soka wa kwamfuta, ta ɗora, ya hau lafiya. Amma da ta zo sauko da manhajar koyon buga rubutu da ta gwajin jarrabawa, waɗanda dominsu ake wannan wahala, sai kwamfutar ta ƙi. Ta rubuto da Turanci cewa takardar shaidar kayan ba ta fara aiki ba tukuna. Malamar ta ɗora laifin a kan sabis, ta hau tudun bayan makaranta da wayarta. Ta ɗora laifin a kan filas, ta ari wani. Ta goge komai ta sake ɗorawa har sau huɗu, kwana shida suka tafi, amsar ba ta sauya ko da harafi ɗaya ba.

Ranar Asabar da hantsi ta kai wa mahaifinta abinci a kasuwa, kwamfutar na cikin jakarta, don ta ƙudura daga nan za ta shiga mota zuwa birni wurin masu gyara, ko da za su riƙe ta mako guda. Mahaifin nata tsoho ne mai gyaran agogo. Shekara arba'in da ɗoriya yana zaune a bayan teburi ɗaya mai gilashi, ko da yake tun da waya ta fara faɗa wa mutane lokaci, sai ya wuni bai ga mutum biyu ba. Bai yi boko ba, bai kuma san bambancin Linux da sunan maganin tari ba. Yana cin tuwonsa, ita kuma ta buɗe na'urar a gefen teburin domin gwaji na ƙarshe. Sai dai tsohon yana da wata ɗabi'a da sana'a ta dasa masa: ba ya iya ganin agogo, ko a bangon masallaci ne, ko a hannun baƙo, bai gwada shi da nasa ba. Idonsa ya faɗa kan 'yan lambobin da ke kusurwar allon. Ya dubi tsintsiyar hannunsa, ya sake duban allon, ya ajiye loma.

"Uwata, agogon nan naki ƙarya yake yi. Wace shekara ya ce muna ciki?"

Ta duba, ta ga ƙarfe sha biyu da 'yan mintuna, ɗaya ga Janairu, shekarar da ita kanta tana aji biyu a kwalejin horon malamai. Ta ce, "Baba, ci abincinka, ba agogo ne damuwata ba."

Ya ce, "Duk agogon da ke komawa sha biyu in an kashe shi, batirinsa ne ya mutu. Juyo min ita."

Ya wanke hannu, ya maƙala madubinsa na ido ɗaya, ya kwance ƙusoshin bayanta ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a murfin gwangwani yadda ya ciro su. Can ƙarƙashin ƙura ya tarar da wani ɗan batir mai faɗin sule, irin wanda yake da guda tara a cikin aljihun teburinsa. Ya ɗauke shi da hantsaki, ya sa sabo, ya mayar da komai mazauninsa, sa'an nan ya karanta mata rana da sa'a da minti daga agogon hannunsa, ta shigar. Ashe baiwar Allah kwamfutar nan ta tsaya ne a shekarunta na ƙuruciya, don haka duk abin da aka miƙo mata mai kwanan watan bana sai ta ɗauka na jabu ne, tunda a lissafinta ranar ba ta zo ba. Kafin tsohon ya suɗe kwano, kayan sun fara sauka. Ranar Litinin 'yan mata suka yi layi, kowacce da minti gomanta, ana jin ƙarar madannai har ofishin shugaba.

To, Malam, ka ji. Ni ban raina ilmin zamani ba, don da hannuna na rattaba wa ɗaruruwan masu shi takardar shaida. Sai dai magabata sun riga mu faɗa, kuma ba su yi kuskure ba: da tsohuwar zuma ake magani.